Ƙyauren Ɗakin Saude

Duk wanda ya san Bawa Kafinta a Kauran Namoda ya san mutum ne da ba ya iya wuce ƙofa bai dube ta ba. Ko gaisuwar rasuwa ya je, kafin ya ce Allah ya jiƙan rai, idonsa ya riga ya gano cewa ƙyauren zauren ya karkace, kuma zai koma gida abin yana cin sa. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa a tashar jirgin ƙasa yana gyaran kujeru da tagogin taragu, har jirgin ya koma zuwa sai ranar da ya ga dama, shi ma ya ajiye aiki ya dawo gida. To amma da duk wannan iyayi, ƙyauren ɗakin matarsa Saude na langa-langa ne, wanda ya buga tun suna amarci da cewa kafin a samu sukuni. Sukunin bai zo ba har suka aurar da 'ya'ya, ita kuma ba ta taɓa yi masa gori ba.

A daminar da ta biyo bayan ƙaddamar da Shari'a ne Saude ta faɗi a gindin turmi tana dakan gyaɗa. Aka kwashe ta zuwa asibiti, aka dawo da ita ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Magana ta dawo mata, sai dai da nauyi. Ana cikin haka ta mirgino daga gadon ƙarfe ta fasa goshi, dole aka sauke mata katifa ƙasa. Kafin a gama da wannan sai sanyi ya kama mata haƙarƙari, ta sha da ƙyar. Malamin asibiti ya ja kunnen Bawa sosai, ya ce a raba ta da feshin ruwa da iska mai laima da hayaƙin madafi, in ba haka ba a kuka da kai. Ɗakin kuwa gabas yake kallo, ta inda hadari ke tasowa, ga madafi a gefensa. Sai aka koma rufe ƙyauren nan, ya zama da tsakar rana ma ɗakin duhu ne, in ban da 'yar taga can kusa da rufi da ko kan mage ba zai shige ta ba. Aka gwada kunna fitilar ƙwai, hayaƙinta ya sa ta tari. Aka ce a riƙa fito da ita tsakar gida in gari ya yi kyau, ta ce ita ba buhu ba ce da za a riƙa ciccibar ta gaban jikoki.

Daga nan Saude ta juya fuska bango. Macen da kafin asuba ake jin muryarta, ta koma sai a yi mata magana uku ba ta amsa ɗaya ba. Abin da ya fi tayar wa Bawa hankali shi ne ta daina cin abinci. A kawo kunu ta kurɓa ta ture, a kawo tuwo ta datse baki. 'Yarsu Mubaraka, wadda ta baro ɗakinta a Dauran ta ƙasar Zurmi ta zo jinya da 'ya'yanta biyu, ta yi lallashi ta yi kuka, duk a banza. Wata safiya ta same shi a zaure, ta durƙusa ta ajiye kwanon kokon da aka dawo da shi kamar yadda aka kai.

“Baba,” ta ce, “Inna ba ciwon ga ka cin ta ba. Duhu na. Mutum na ji ana rayuwa bayan ƙohwa, shi ko ba ya gani.”

Maganar ta shige Bawa. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, domin ya ga matarsa tana tafiya a hankali kuma ba shi da abin riƙe ta. Shi ba malami ba ne, ba kuma likita ba. Abu ɗaya ya iya a duniya, don haka ya yanke shawarar zai yi mata ƙyaure mai gilashi, wanda za a rufe iska ta tsaya a waje, haske kuwa ya shigo.

Gilashi ne ya fara ba shi wuya. Tun da aka yi sabuwar jiha kowane ofis da gidan kowane sabon babba sai ƙofa mai gilashi, manyan falle sun yi tsadar da ba ta tsoho mai fansho ba ce. Sai ya tuna da wani otel a Sabon Gari wanda aka rufe da zuwan Shari'a, mai shi yana harhaɗa kaya zai koma kudu. Shi Bawa ne ya taɓa gyara tagogin wurin, ya san ƙananan gilasai ne a jere, kowane bai fi tafin hannu da yatsu ba. Da mutumin ya ji abin da za a yi da su, ya ce ya ciro iyakar abin da yake so, ya kuma ce a gaida Mama. Bawa ya kawo su gida naɗe cikin tsohon rawani, ya zauna a bakin rijiya yana wanke su da sabulu da toka yana sakewa, har Mubaraka ta ce ai ko giyar suka sha sun tuba haka nan.

Ƙananan gilasai kuwa ƙananan sanduna suke so, siraran katakai da za su gitta tsakiyar ƙyauren su raba shi gida-gida. Kowace sanda ba ta fi kaurin babban yatsa ba, kuma a jikinta sai an fitar da gurbin da gilashi zai zauna ta baya, ta gaba kuma a yi mata 'yar ƙwarya mai santsi don ado. Katako ɗanye ba ya wannan aiki, yana bushewa zai murɗe ya fasa gilashin. Ranar Alhamis Bawa ya shiga motar Shinkafi, ya yini yana ƙwanƙwasa katakai a kasuwa yana saurare, 'yan katako suna ce masa Baba in ba saye za ka yi ba ka bar su su huta. Can ya samu wani faffaɗan tsohon katakon maɗaci da aka ciro daga bodin babbar mota, ya bushe ƙamas, ya yi ja. Ya biya masa kujera a mota kamar fasinja, don kada a ɗaure shi a sama ruwa ya taɓa shi.

Washegari ya ɗauko abin gogen katakonsa na hannu, ya ɗora a kan maɗacin ya tura. Ƙarfen ya ci kaɗan ya tsaya. Ya sake turawa, wuyan hannunsa ya amsa. Ya daɗe zaune yana kallon hannayensa, yana jin haushin su kamar wasu ne suka ba shi aro. A ƙarshe ya saɓa katakon ya nufi hanyar Gusau, wurin Mahmuda.

Mahmuda a hannun Bawa ya koyi aiki, yanzu kuwa magidanci ne mai furfura a gemu, yana da rumfa da injina, shi ke buga ƙofofin sababbin ofisoshi da kotuna har Zurmi. Akwai wani inji a rumfar mai wuƙa a tsaye tana juyawa a tsakiyar tebur, wanda ke fitar da ado a gefen katako. Ba irin sunan da Bawa bai kira injin nan da shi ba a majalisa. Ya ce na ragwaye ne, ya ce ba ya sanin gaban itace da bayansa. Yau ga shi ya zo aro. Mahmuda ya tare shi, ya karɓi katakon, ya ce a bar masa aikin gobe a zo a ɗauka. Bawa ya ce a'a, wannan ƙyauren da hannunsa zai yi. Mahmuda ya san ɗakin da za a kafa shi, sai bai ja maganar ba. Ya ture aikin da ke kan tebur, ya sallami ma'aikatansa su je su ci abinci, don kada kowa ya tsaya kallon tsohon.

Bawa ya yi yadda ya saba tun yana saurayi. Ya fara tsaga katakon siri-siri a zarto, sannan ya ɗauki sanda ɗaya ya nufi wuƙar da ita. Ai tana taɓa wuƙar sai ta hau rawa a hannunsa, injin ya fizge ta ya tarwatsa, guntun ya tashi ya bugi kwanon rumfa. Ya ɗauki ta biyu, ya danne ta da yatsu dab da wuƙar, ita ma aka ƙwace ta, iskar ƙarfen ta shafi farcensa. Mahmuda ya kashe injin. Kunya ta kama Bawa, ga katakon da ya sha wuya a kansa ya fara raguwa.

Mahmuda ya ɗauko ragowar faffaɗan katakon ya shafa gefensa, ya yi magana yana kallon ƙasa.

“Baba, ai kai kac ce muna ƙaramin abu ba a riƙe shi shi ɗai, a bar shi jikin uwa tai har a gama mai aiki. Mu hitar da adon ga bakin babban katako, in ya hita sannan mu yanke shi.”

Bawa ya san bai taɓa faɗin haka ba. Ya dubi Mahmuda, Mahmuda ya ƙi ɗago kai. Sai tsohon ya yi gyaran murya ya ce to, ashe dai ana sauraren sa a lokacin.

Haka suka yi. Bawa ya riƙe faffaɗan katakon da hannu biyu, yatsunsa nesa da wuƙa, ya tura gefensa a hankali. Katakon yana da nauyin da zai zauna daram, injin ya bi shi lafiya lau, garin maɗaci ja yana zuba, ɗacinsa yana shiga maƙogwaro. Ya juya ya fitar da ɗaya gefen, ya fitar da gurbin gilashi, sannan suka kai zarto suka yanke sandar daga jikin katakon, ta faɗo a miƙe sumul. Suka goge bakin da ya rage suka sake. Aka ɗauke wuta suka zauna jira, aka kawo suka ci gaba. Da la'asar sanduna sun taru a gefe, Bawa yana ɗaukar kowace yana kai ta saitin ido, yana neman aibi bai samu ba. Bai yabi injin ba, amma da zai tafi ya share masa garin katako da gefen rigarsa.

Sauran aikin a zaure ya yi shi, da kurfin fafe katako da 'yar guduma. Inda sanda ta gitta sanda sai ya fafe rabin wannan ya fafe rabin waccan su rungumi juna, ba ƙusa ko ɗaya. Ya yi ƙyauren kamar yadda aka san ƙyaure mai gilashi, kamar na tasha da na ofisoshin Mahmuda: rabin ƙasa katako, rabin sama gilashi. Kullum in ya shiga gaida Saude sai ya ba ta labarin inda aiki ya kai, ita kuwa bayanta kawai yake gani, kafaɗarta tana ƙara fitowa ta cikin zane. Yana fita sai ya ƙara sauri.

Ranar da aka kafa ƙyauren, Mahmuda ya zo ya kama masa. Aka cire langa-langar aka jingine, aka ɗaura sabo. Ya rufu ruf, ko wuƙa ba za ta shiga tsakaninsa da firam ɗin ƙofar ba. Haske ya zubo ɗakin gida-gida a kan bango, jeren kwanonin Saude suka fito, Mubaraka ta hau godiya ga Allah. Saude ta juyo a hankali, ta ɗaga ido ta dubi gilasan. Ta daɗe tana duba. Sannan ta ce sannu da aiki Malam, ta mayar da fuskarta bango. Da rana aka kai mata fura, aka dawo da ita.

Bawa ya rasa inda zai sa kansa. Ya zaga bayan gida ya dawo, ya buɗe ƙyauren ya rufe, ya duba ko wani gilashi ya dushe, babu. Kwana biyu yana wannan. A na uku ya shiga ya tarar tana barci, ya tsaya a tsakiyar ɗakin ya duba waje. Ga tsakar gida nan tas, ga Mubaraka tana tankaɗe, ga yara suna bin 'yan tsaki, ga turmi, ga rijiya. Me kuma ake nema? Sai gwiwarsa ta gaji da tsayuwa, ya zauna a ƙasa gefen katifar, tsakar gidan ta ɓace. Ya kishingiɗa ya sa kansa daidai da matashinta. Daga nan ba abin da ake gani sai kan katanga da guntun sama fari fat.

Ya daɗe kwance a wurin. Shi da yake gano karkatar ƙofar mutane daga nesa, ya auna tsawo ya auna faɗi, bai auna inda idon matarsa yake ba. Ya yi ƙyaure don mai tsayuwa, alhali wadda aka yi dominta ta bar tsayuwa. Hawaye ya gangaro masa ta gefen ido ya shiga kunne, ya bar shi.

Sake wani ƙyauren zai ci makonni, katakon ma ya ƙare, Saude kuwa ba ta da makonnin bayarwa. Ya aika aka kira Mahmuda, ya ce su kwance hinji su juya ƙyauren, sama ta koma ƙasa. Mahmuda ya ce a hankali, ai duk wanda ya shigo zai gani, ga faffaɗan katakon gindi zai koma sama, ga mariƙi zai sauka, za a ce Bawa Kafinta ya kafa ƙofa a kife. Ya ƙara da cewa yara da awaki za su iya fasa gilashin. Bawa ya ce gilasan ƙanana ne, sanduna sun riƙe su ta ko'ina, sai an yi da gaske za su fashe. Maganar mutane kuwa, su faɗa.

Sun kuwa faɗa. Maƙwabcinsa Nasidi, wanda Bawa ya shekara yana yi wa tsiya a kan ƙofar zaurensa, ya shigo dubiya tun ana ɗaure hinji na ƙarshe, ya tsaya ya karkata kai ya dubi ƙyauren, ya ce shi dai ba kafinta ba ne, amma ko sabuwar jiha ce ta zo da sabon yayi? Bawa ya ce eh, daga Gusau aka aiko da shi. Ya tsuguna ya goge gilasan da hularsa ɗaya bayan ɗaya, ya ja ƙyauren ya rufe daga waje, ya koma zaure. Bai iya tsayawa ya ga abin da za ta yi ba.

Da yamma, hadari ya haɗu a gabas bai zubo ba, Mubaraka ta kawo masa tuwo. Ya karɓa ya shigo tsakar gida ya tsuguna a gindin rumbu, inda ya koma cin abinci tun da aka kwantar da Saude, don zauren ya yi masa faɗi. Ya gutsura ya kai baki, ya ji kamar ƙasa. Ya saci ido ya ga Mubaraka ta shiga madafi, sai ya miƙa wa akuya kwanon kamar yadda yake yi kullum.

Sai ya ji ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ya waiga. Can ƙasan ƙyauren, a cikin ɗan gida ɗaya na gilashi, ga fuskar Saude. Ta ja jiki da hannunta mai lafiya har bakin katifa, tana buga gilashin da zobenta. Ya ture akuyar ya tashi da sauri, har ya kai ƙofa, sai Saude ta girgiza kai, ta nuna kwanon da ya bari. Ya koma ya ɗauko.

Ya shiga ya rufe, ya durƙusa. A cikin hasken ya ga yadda ta rame, ita ma ashe abin da take gani ke nan a jikinsa. Ta dube shi tun daga wuyan rigar da ya yi masa yawa har ƙafa.

“Malam,” ta ce, harshenta yana ja, “tun yaushe akuya ka cin tuwonka?”

Ya ce ba ya jin yunwa ne. Ta ce ƙarya dai ba ta yi masa kyau, tun yana saurayi bai iya ta ba. Ya ce to ita fa, wa ke cin nata? Ta ce ya tashe ta zaune, ya sa mata matashi a baya, ya ajiye kwanon a tsakaninsu.

Tun da aka kawo ta gidan nan ba su taɓa sa hannu a kwano ɗaya ba. Shi a zaure yake ci da maza, ita a tsakar gida da 'ya'ya, haka suka tarar ana yi, kuma ko ruwa ba ta cika sha a gabansa ba. Bawa ya ji kunya ta rufe shi kamar sabon ango. Ta cikin gilashi ya hango Mubaraka ta fito da kwanon kunu, ta hango su, ta yi turus, ta juya ta kaɗa 'ya'yanta zuwa zaure.

Saude ta yanke gefen da akuya ta taɓa ta ajiye a murfi. Ta yi bisimilla, ta gutsuri 'yar loma, ta dangwali miya ta kai baki. Rabin bakin ba ya aiki, miya ta zubo ta gefe, ta daɗe tana juya lomar. Bawa yana kallon maƙogwaronta har ya ga ta wuce. Ta sake gutsura, amma ba ta kai baki ba, ta riƙe ta a hannu tana jiran sa.

“In ka ci, in ci,” ta ce.

Ya sa hannu.